Baba Tunde da Duwatsun Gidan Likita

Ranar da wandon Baba Tunde ya faɗi a bakin asibiti ina wurin, kuma ban kau da kai ba. Duwatsu ya cika aljihu da su, baƙaƙe masu huji-huji irin wanda mata ke goge kaushi da shi, waɗanda aka jera kewaye da furanni a ƙofar gidan wani likita da ke jikin asibitin. Maigadi ya daka masa tsawa, ya zabura, mazagi ya tsinke. Ga mata 'yan awon ciki zaune a layi. Ya tsaya hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya yana tsintar duwatsu, yana roƙon maigadin ya bar masa ko kaɗan ne.

Katanga ce ta raba gidana da nasa a Ƙauran Namoda. Jirgin ƙasa ya kawo shi daga ƙasar Yarbawa tun ana lodin gyaɗa a tasha, ya buɗe shagon yankan gilashi, yana sa wa hotuna firam. Matarsa Christiana ce ta zo da wasu jajayen kifaye daga Kaduna cikin kwalba, shi kuma ya haɗa mata akwatin gilashi a falo. Kifin da ba a ci, sai dai shi ya ci naka. Da ta rasu, 'ya'ya duk suna kudu, kifayen nan ne suka rage masa. Da safe nakan ji shi ta katanga yana gaishe su da Yarabanci, in amsa masa da muryar mata.

Wani direba ne ya gaya masa dutse mai huji yana tace ruwa. Abin da babu wanda ya gaya masa, furannin nan feshin maganin ƙwari ake musu, dutsen kuma shan abu yake kamar soso. Hure ƙura kawai ya yi ya zuba su a ruwa. Kafin mako ya zagayo kifi na farko ya juya ciki sama.

Ya kwashe duwatsun, ya dafa su a tukunyar miya, ya jiƙa, ya canza ruwa har guga ya ci masa hannu. Suka ci gaba da mutuwa ɗaya-ɗaya. Ya je wurin Hammadu mai allurar shanu, Hammadu ya tambaya a ina ake soka wa kifi allura. Ya hau mota har Shinkafi ran kasuwa, ya sami wani masunci, shi kuwa ya ce iyakar saninsa yadda ake fitar da kifi daga ruwa. Ni na ba da shawarar a nemo mai da yaji tun da sauran na soyawa. Bai yi dariya ba. Ni ma, gaskiya, ba ta fito da kyau ba.

Na ƙarshe shi ne ƙaramin da Christiana ta fi so. Ya ware shi cikin kwanon sha, ya rufe shago, ya zauna yana hura ruwan da tsinken gwanda wai ya sami iska. Na zauna tare da shi. Bayan la'asar kifin ya daina motsi. A gindin lemo ya binne shi.

Akwatin na nan har yanzu. Kowace Asabar sai ya wanke shi ya cika da ruwan rijiya, babu komai ciki. Da na ga an yi wata biyu ana haka, sai na leƙa ta taga.

"Baba Tunde, yanzu kuma kiwon ruwa aka koma? Mi yake haifa maka?"

Bai ko juyo ba, yana goge gilashi.

"Malam Ado, matarka Tasalla ta tsufa tana kiwonka, ko ƙwai ba ka taɓa yi mata ba. Ka ji na ce ta daina?"