Littafin Aljihun Kawu da Baturen Sikotlan

Ni mutum ne mai zargi, tun ina ƙarami aka san ni da haka. Ko kyauta aka ba ni sai na juya ta na duba ƙasanta. Halin nan ya tsare ni daga abubuwa da yawa, amma sau ɗaya ya kai ni ya baro, kuma ba ni na sha wuyar ba.

A lokacin ina akawu a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Rajistar ma'aikata ce a hannuna. Wanda ya iya ya sa hannu, wanda bai iya ba in tura masa tawada ya dangwala babban yatsa. Kawuna, wan mahaifiyata, yana cikin masu dangwale, kuma shi ya samo mini aikin. Ya fi shekara ashirin a kan ganguna, manyan gangunan katako da ake zuba fatu da ruwa da magani a ciki su yi ta juyawa. Daga ƙarar ganga kaɗai yakan gane ruwa ya yi yawa.

Dokar kamfani ita ce kowane mai ganga ya rubuta abin da ya zuba, da zafin ruwa, da tsawon lokacin juyi, a wani babban littafi. Kawu bai yi boko ba. Sai dai yana da ɗan littafi a aljihun gaba, ya naɗe shi a leda saboda jiƙa, a ciki yake rubuta komai da ajami, rubutu siriri mai tsabta. Idan zai tashi da la'asar sai ya zo ya karanto mini, in kwafe da boko. Sauran masu ganga biyu ba sa rubuta komai, da ka suke faɗa mini, kuma kullum abu ɗaya suke faɗa.

Wata shekara masu sayen fatunmu a waje suka koka cewa kaya na zuwa musu da tabo. Kamfani ya ɗauko wani Bature masanin jima, dattijo mai jan wuya, aka ce ni zan yi masa tafinta. Ranar farko na kira shi ɗan Ingila, ya tsaya cak ya gyara mini: shi mutumin Sikotlan ne. Ni dai duk Turawa ne a wurina. Turancinsa ma kamar yana tauna gyaɗa, sai da na yi kwana uku kafin kunnena ya saba.

Mutum ne mai son hira, kuma hirarsa ba ta wuce karatu. Ya ce a ƙasarsu tun ɗaruruwan shekaru aka yi dokar cewa duk yankin da ke da coci sai an kafa masa makaranta, don kowa ya karanta littafin addini da kansa. Ya ce a da ɗan manomi yakan saɓa buhun garin hatsi ya tafi jami'a, shi ne abincinsa har zangon karatu ya ƙare. Shi kansa, in ji shi, yana da shekara sha shida ya shiga majema, yana aiki yana zuwa aji, har ya zama abin da ya zama. Ina gyaɗa kai, a raina ina cewa kowa ƙasarsu aljanna ce idan yana nesa da ita. Abin da ya fi damuna shi ne, me ya kawo zancen makaranta a wurin da aka kira mutum ya duba tabon fata?

Ba ni kaɗai ke wannan tambayar ba. A rumfar mai abinci ta bakin ƙofa ana ta raɗe-raɗin za a kawo sababbin injuna masu maɓallai, a rage mutane. Wani makanike ɗan kudancin Kaduna ya ce haka aka yi wa ƙanensa a Sharada: da farko Bature ya zo yana murmushi yana tambayoyi, bayan wata guda takardun sallama suka fito. Daga ranar na ƙara buɗe ido.

Baturen ya yi kwana uku yana bin babban littafin shafi-shafi. Sannan ya kira ni.

"Hannu ɗaya ne ya rubuta duk wannan," ya ce. "Naka ne?"

Na ce nawa ne, faɗa mini suke yi ina rubutawa.

Ya ɗora yatsa a layin Kawu. Ya ce na sauran biyun ba sa canjawa, ko ana zafi ko ana sanyi, amma na wannan kullum da ɗan bambanci, kuma fatun gangarsa ne kaɗai ba su da tabo. "Mutum ba ya riƙe irin wannan a ka. Yana rubutawa a wani wuri?"

Na ce ban taɓa gani ba.

Bayan sallar azahar na ja Kawu gindin dalbejiyar da ke bayan sito. Na ce, "Kawu, daga gobe ku bar littafin nan a gida."

Ya dube ni. "Me ya yi?"

"Baturen nan nemansa yake. Idan ya kwashe abin da ke ciki ya zuba wa injin, me ya rage da za a riƙe ku dominsa?"

"Ai ba haram na rubuta ba, ɗan nan. Gishiri ne da ruwa."

Na ce masa su ba sa ɗaukar ajami rubutu, manaja zai iya cewa ma laya ce ake shiga da ita wurin aiki. Akwai abin da ban faɗa masa ba. Ina tsoron maganar ta kai kunnen manaja, ya gane shekara da shekaru ni ke cike littafin da doka ta ce mai ganga ya cike, a haɗa da ni a kora. Kawu ya shafa aljihunsa, sannan ya ce, "To. Kai ka yi boko, kai ka san halinsu."

Kashegari Baturen ya tsaya a gaban gangar Kawu ya ce in tambaye shi ko yana karatu da rubutu. Na juya na ce, "Kawu, yana tambaya ko kun yi makarantar boko." Kawu ya girgiza kai. Na ce wa Baturen, "Ya ce a'a." Ya rubuta wani abu a takardarsa muka wuce.

Ana saura 'yan kwanaki ya gama, muna zaune a ofis yana cin burodi da ayaba, ya sake ɗauko zancen. Wannan karon muryarsa daban. Ya ce alfaharin da suke yi da karatu rabin labari ne. Kakarsa mutuniyar tsibirai ce, suna da yarensu wanda ba Turanci ba. Da yaren take karanta littafin addininsu daga bango zuwa bango, har maƙwabta na zuwa ta karanta musu. Amma a makaranta Turanci ake so, yaron da ya yi yaren gida yakan sha duka, ita kuma ba ta daɗe a can ba. Duk takardar hukuma da aka kawo mata, alamar gicciye take yi a wurin suna. "A takarda jahila ce," ya ce, yana kallona.

Na ce Allah sarki. A raina kuwa na ce tarko ne. Ya hango wani abu, yana so in saki jiki in yi suɓul da baka. Wa ya san ma ko yana da kaka a tsibiri? Har daɗi na ji da na gano shi.

Shawarar da ya bayar a ƙarshe ita ce kowace ganga a ba ta shugaba wanda zai iya riƙe bayanan aikinsa da hannunsa, a koya masa sabon injin. Tsakanin ofishina da na manaja katako ne kawai, don haka na ji lokacin da Baturen yake cewa dattijon nan, wato Kawu, ya fi kowa sanin fata a gidan, da yana rubutu ko da wane iri ne da shi zai zaɓa. Manaja ya ce rajista ta nuna dangwale yake yi. Ina zaune biro a hannu, ƙofa taku uku daga kujerata. Ban tashi ba. Idan na shiga, sai na fara da cewa na yi ƙarya sau biyu, kuma har a lokacin wani ɓangare na zuciyata na cewa da gangan suke ɗaga murya don in ji.

Mutum tara aka sallama, Kawu na cikinsu. A teburina ake sa hannu a takardar sallamar. Baturen ya shigo yi masa ban kwana, ya tsaya a gefe riƙe da hularsa. Na buɗe tawada na tura gaban Kawu kamar kullum, ban iya ɗaga ido ba.

Kawu ya sa bayan hannu ya ture tawadar gefe. Ya miƙo hannu ya zare biro daga aljihun rigata. Ya gyara zaman takardar, ya fara daga dama, a hankali, ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da na garinmu, ya sa kwanan watan Musulunci a ƙasa, ya ɗiga wasulla ɗaya bayan ɗaya.

Baturen ya sunkuya ya daɗe yana kallon rubutun. Da ya ɗago ba Kawu ya duba ba, ni ya duba. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba.

Kawu ya mayar mini da biron a aljihu da kansa, ya daddanna shi har ya zauna daidai.

"Faɗa masa na gode da ya ga aikina," ya ce. "Kuma wannan karon ka faɗa masa yadda na faɗa."