Kai Rabi Aikin Fuska a Charlotte

Greensboro zuwa Charlotte

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da maiɗakina Rabi, a wata mota da na zaro daga cikin waɗanda nake sayarwa a titin Gate City Boulevard, nan Greensboro ta Amurka. Tun da ɓarin fuskarta ya shanye, fatar ta saki, Rabi ta daina zuwa suna da biki. Wani likita a Charlotte ya ce zai ɗage fatar. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce. An hana ta karyawa, ni ma na haƙura da shayina.

Charlotte

Aiki ya yi kyau. Kafin sallama likitan ya zaunar da ni, ya ce abin tsoro ɗaya ne, kada jini ya taru a ƙarƙashin fata. Ta riƙa kwanciya kai a sama, ta sha maganin hawan jininta, ban da asfirin, ban da sunkuyo. Na tambaye shi salla, ya ce a zaune. Muka kwana a otel kusa da asibitin, da safe ya duba ta ya sake mu.

Pleasant Garden

Gidanmu bene ne, don haka na sauke ta a Pleasant Garden, kusa da Greensboro, wurin Hajiya Mariama, goggonta da ta raine ta tun a Maraɗi. Na jero mata dokokin likita ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariya ta ce ita ta yi wa Rabi duk jegonta, in je in ji da motocina. Na tafi, don babbar mota na jira a loda mata kaya.

Da la'asar Hajiya ta kira ni. Na tarar kuncin hagu ya cika tam, ya yi tauri, ya rine, Rabi na nishi. A ƙasa ga roba da ruwa yana tururi, da tawul. Hajiya ta ga kumburi ne, ta gasa shi tana dannawa, yadda ake yi a gida. Rabi kuwa ba ta iya yi wa goggonta musu.

"Alhaji, ko ƙwaya ɗaya ban ba ta ba," in ji Hajiya. "Gashi ne kawai."

Gaskiyarta. Maganar ruwan zafi ba ta zo a bakin kowa ba.

Charlotte kuma

Na kira likitan, ya ce mu taho nan take. Ya sake buɗewa, ya kwashe jinin, ya ɗaure jijiyar. Amma fatar gaban kunne ta riga ta yi baƙi. Bai ɓoye mana ba: za ta warke, tabon zai zauna.

Komawa gida

Da aka sallame mu, Rabi ta ce in bi ta Pleasant Garden. Hajiya na bakin gado, ta rame, ta sunkuyar da kai ta ƙi ɗagowa. Rabi ta zauna kusa da ita, ta zame mayafi.

"Goggo, dube ni. In ke kin kasa, wa zai iya?"

Ta ɗago. Na fita na ba su wuri.

Mun iso gida lafiya kafin magariba. Godiya ga Allah da ya bar mini Rabi, da 'yan'uwan da suka yi ta aiko da tuwo. Hajiya ta biyo mu da jakarta, yanzu ko filo ba ta gyarawa sai ta tambaya.