Ranar da Inna ta roƙa wa aljana gida

Ko da zan manta da duk abin da ya same ni a garin Garwa, ba zan manta da wata safiyar Lahadi da na tsaya a gaban jama'a ina yi wa mahaifiyata tafinta ba. Shekaru sun ja, Inna ta riga mu gidan gaskiya, ni ma furfura ta cika mini gemu, amma har yau idan na tuna sai in gode wa Allah da ya sa ban ci nasarar hana ta zuwa wurin ba.

Abin ya samo asali ne daga wani wasan kwaikwayo. Lokacin da tele, wato talabijin, ta shigo ƙasarmu ina ɗan saurayi. Babanmu mai sayar da atamfa ne a babbar kasuwa, kuma shi ya fara sayen akwatin a unguwarmu. Duk ranar Lahadi bayan la'asar sai a fito da ita tsakar gida a ɗora kan tebur, mata su baje tabarmi, maza su tsaya daga bakin zaure suna leƙe, wai su ba kallo suka zo ba. Wasan da ke tara mu da Fulatanci ake yinsa, ana ɗan sirka shi da Faransanci, kuma labarin wata aljana ce da ke zaune a cikin kogi. Takan fito a siffar tsohuwa, farin zanenta yana ɗigar ruwa, ta shiga gari ta ƙwanƙwasa wata ƙofa ta ce, “Nan ne gidana?” Wanda ya ba ta wurin zama sai alheri ya same shi. Wanda ya kore ta kuwa, ruwa zai yi ta tsattsafowa a ɗakinsa har sai ya tuba. A ƙarshen kowane mako sai ta koma kogi ba ta samu gidan ba.

In an bi ta gaskiya, aikin ba shi da wani kyau. Hayaƙin da take ɓacewa a cikinsa tsumma ake ƙonawa, wani lokaci har silifas ɗin roba kana hangowa a ƙafar aljanar. Amma tsoro muke ji na gaske. Akwai maƙwabciyarmu da ta daina zuwa wanki bakin kogin Binuwai har wata guda. Inna kuwa ba ta taɓa fashin kallo ba. Ba ta dariya, ba ta ihu, ba ta sa baki a gardama. In an gama sai ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Sai shekarun wahala suka zo. Aka zaftare albashi, kuɗinmu sefa ta karye, 'yan wasan suka watse kowa ya kama neman abinci. Wasan ya tsaya haka nan babu ƙarshe. Amma mutanen Garwa ba su bar shi ya mutu ba. A teburin mai shayi, a tasha, a gidan suna, da an yi shiru sai wani ya ce, “Wai ni aljanar nan, ina aka kwana?”

Ana nan, bayan shekara goma da wani abu, aka ji sanarwa a rediyo cewa mutumin da ya rubuta wasan zai tayar da shi a kaset, kuma yana gayyatar masu kallo su zo su faɗi inda suke so labarin ya dosa. A lokacin na haura talatin, babanmu ya rasu, ina da shagon bayar da hayar kaset. Finafinan Najeriya da na Indiya babu wanda ban haddace ba, don haka ina ganin duk garin babu wanda ya kai ni sanin fim. Samarin da ke zama a shagona suka ce ni zan yi magana da yawunsu. Na zauna na rubuta jawabi shafi biyu da Faransanci.

Da safen ranar na fito zan tayar da moto, wato babur ɗina, sai na ga Inna a zaure, ta yafa mayafinta na zuwa biki.

“Inna, ina zuwa haka?”

“Inda za ka.”

“Ai taron ba na tsofaffi ba ne. Da Faransanci za a yi, za ki gaji a banza.”

“Shekara nawa ina kallon matar nan? Ka fi ni saninta ne?”

Na yi ta kawo dalilai, zafin rana, ciwon gwiwarta, tsayin taro. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, “In ba za ka ɗauke ni ba, zan taka.” Ba don Allah na ɗauke ta ba, kunyar a ga uwata tana tafiya a ƙasa ina bisa moto ce ta sa. Wannan kam dole in faɗa a kaina.

A wani aji na makarantar firamare aka yi taron. Mun cika shi har tagogi. Marubucin wani dattijon Bafulatani ne, tsohon malamin makaranta, siriri, da tabarau a ɗaure da zare. A gefensa akwai samari biyu 'yan kudu, su ne masu kyamara, kuma ba sa jin komai sai Faransanci.

Ni aka fara bai wa dama. Na ce zamani ya canza, yanzu babu wanda zai zauna kallon tsohuwa tana ƙwanƙwasa ƙofa. A mayar da ita budurwa mai jajayen idanu, ta riƙa fesa wuta, tana kifar da jiragen masunta, a ga jini. A ƙarshe a kawo jarumi ya halaka ta. Samari suka yi ta tafi, masu kyamara suna gyaɗa kai. Bayana wani malami ya miƙe ya ce shi tun asali bai yarda da wasan ba, amma in dole sai an yi, to a ƙone ta da addu'a a kashi na farko kowa ya huta. Wata mai sayar da bandar kifi ta ce ita dai a aurar da aljanar ga Sarkin Ruwa, don rashin miji ne ke sa ta yawo. Aji ya kaure da dariya. Wasu dattawa suka ce kada a taɓa komai, a bar ta yadda take, har silifas ɗin. Aka yi ta cacar baki, marubucin yana ta rubutu. Amma kowa ya ga inda iska ta karkata. Ra'ayina ne ke kan gaba.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Inna ce take miƙewa. Na ce a hankali, “Inna, ki zauna don Allah.” Ko kallona ba ta yi ba.

Dattijon ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya kira ta uwa da Fulatanci, ya ce, “Dada, bismilla, muna ji.”

Inna tana jin Fulatanci kamar kowa a Garwa, amma sai ta ce da Hausa, “Malam, maganar da ke cikina ba za ta fita da harshen kowa ba sai nawa. Ga ɗana nan, ya juya muku.”

Haka na miƙe, takardar jawabina tana hannuna.

Ta fara da cewa ita ba 'yar Garwa ba ce, a wani ƙauyen masunta aka haife ta a gefen kogi. Wannan na sani, na juya. Ta ce da aka datse ruwa a Lagdo, ƙauyensu yana cikin waɗanda aka tayar, yanzu yana can ƙarƙashin tafki. Wannan ma na sani sama-sama. Ta kawo tsamiyar da ke ƙofar gidansu, da masallacin ƙasa da babanta yake limanci, da hanyar da suke bi zuwa ɗiban ruwa. Ni kuma ganin tana jan zance, sai na dunƙule duka a jimla ɗaya.

Ta juyo ta dube ni. “Maganata ta fi haka tsawo. Ka faɗa duka.”

Mutane suka yi dariya, na ji kamar in nutse. Na koma na faɗa duka.

Sai ta ce, “Kafin in auri uban wannan, na yi aure a can. Na haifi 'ya mace. Ta fara tafiya, ta fara kiran sunan abubuwa, sai ƙyanda ta ɗauke ta. Tana kwance a bayan tsamiyar nan, kusa da babana.”

Na juyo ina kallonta. Ni a duk rayuwata na san ni ne ɗan farin Inna. Babu wanda ya taɓa ce mini ina da yaya. A tsayen nan na gane abin da ya sa take kiran sunana gatsal, babu irin kunyar da mata ke yi wa ɗan fari, abin da 'yan unguwa suka daɗe suna yi mata tsiya a kai. Kunyar tana can wurin wadda ta cancanta.

Ta ce, “Juya musu mana.”

Na juya. Ɗaya daga cikin masu kyamarar ya ajiye biron da yake wasa da shi.

Ta ci gaba. “Lokacin da aka ce ruwa zai zo, ina nan Garwa da ɗanyen goyon ƙanen wannan, na ce sai na yaye in je in yi musu sallama. Kafin in je ruwa ya rufe. To ni duk ranar da tsohuwar nan ta ce nan ne gidana, na san abin da take nema. Ba muguwa ba ce, Malam. Wanda ya rasa gida ba wuta yake fesawa ba, tambaya yake yi. Ni ban san fim ba, yaran nan sun fi ni sani. Amma don Allah kada ku ƙone ta, kada ku sa ta kashe kowa. Ku sama mata inda za ta zauna ta huta.”

Ta koma ta zauna, ta gyara mayafi kamar ba ita ta yi magana ba.

Can sai wani tsoho daga baya ya ambaci sunan ƙauyensu, ya ce shi ma yana ƙarƙashin ruwan. Mai bandar kifin nan da ta ba mu dariya ta rufe fuska da gefen zane. Malamin da ya ce a ƙone aljana ya ce, “Hajiya, Allah ya jiƙan mamatanki.” Marubucin ya cire tabarau ya goge, ya ce shi kansa da ya rubuta wasan bai san abin da ya rubuta ba sai yau. Ya juyo wurina ya ce, “Samari, kuna nan a kan bakanku?” Na ninke takardata na sa a aljihu, na ce, “Malam, a bi maganar Inna.”

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu abokaina sun yi mako biyu ba su leƙo shago ba, wai na sayar da su. Kuma kashi uku kacal aka iya yi. A na ƙarshe aljanar ta isa wata bukka a sabon matsuguni, matar gidan ta ce mata, “Mu ma namu yana cikin ruwa, shigo mu zauna.” Kaset ɗin bai yi wata kasuwa ba, yara sun ce babu faɗa a ciki. Amma tsofaffi sun yi ta aro har ya tsinke na liƙa.

Abin da ya fi mini komai shi ne ranar ɗaukar wasan. Dattijon ya aiko cewa za su je Lagdo, kuma yana roƙon Dada ta raka su. Muka tafi tare. Bayan sun gama aikinsu, wani tsohon masunci ya ɗauke mu a kwalekwale ni da ita. Ruwa ne iya ganinka, ban ga abin da mutum zai gane wuri da shi ba. Amma Inna ta riƙa duban duwatsun da ke gefe, tana cewa a yi dama, a ɗan ƙara gaba. Da wasu duwatsu biyu suka daidaita da juna sai ta ce, “Tsaya. Nan ne.”

Masuncin ya ɗaga filafili. Inna ta sa hannu a ruwa ta daɗe. Sannan a karo na farko ta faɗa mini sunan yayata, ta ce tana da wushirya, kuma ba ta yarda kowa ya goya ta sai kakanta. Muka ɗaga hannu mu uku muka yi musu addu'a. A hanyar dawowa ta yi ta ba ni labarin ƙauyen, har da dariya, irin dariyar da ban taɓa ji a bakinta ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, “Ka taɓa tambaya?”

Shekara biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Na gode masa da ya ba ni waɗannan shekaru biyun, domin a cikinsu na san mahaifiyata fiye da talatin ɗin da suka wuce. Na gode wa dattijon nan da ya ga ya dace a tambayi masu kallo, ya kuma ɗaga hannu don tsohuwa ta yi magana. Shi ma ya rasu, Allah ya haskaka kabarinsa.

Abin da na koya shi ne, za ka iya zama gida ɗaya da mutum, ku ci tuwo ɗaya, ku kalli abu ɗaya shekara da shekaru, alhali ba ka san abin da yake ɗauke da shi ba. Saura ƙiris in bar Inna a zaure saboda ina ganin na fi ta sani, da kuwa ta tafi da yayata a cikinta ban taɓa jin ko sunanta ba. Duk mai tsoho a gida, ya ja tabarma ya zauna kusa da shi ya tambaya, tun yana da bakin amsawa.