Kawu Tanimu da Ƙurar Maɗaci

Duk wanda ya san Kawu Tanimu a Kabo ya san ba ya taɓa katako sai ya sansana shi. A kawo masa gungume daga Gammo ko Dugabau, sai ya kankare gefe da farce, ya kai hanci, wani lokacin har ya lasa, sannan ya yanke hukunci: "Wannan darbejiya ce, ƙarya aka yi maka." Kuma bai taɓa kuskure ba, abin haushin ke nan.

Shagonsa a zauren gidansa yake, ɗaki ɗaya da injin murza katako, inda yake fitar da ƙafafun gado da na kujera. In injin nan ya tashi, ba ka ganin Kawu, sai dai ka ji tarinsa daga cikin ƙura. Tarin nan shi ne abin da ya hana mu sukuni shekara da shekaru. Ni ɗan ƙanwarsa ne, don haka ni ake turawa in yi masa magana, tunda ni ba ya iya korata.

Ranar farko da na ce, "Kawu, ƙurar nan za ta cinye maka ƙirji," sai ya kashe injin ya dube ni kamar na zagi sana'ar.

"Kai, in cikinka ya murɗa me uwarka take jiƙa maka?"

"Maɗaci."

"To wannan katakon mene ne?"

"Maɗaci ne, Kawu."

"Ku sai kun yi ciwo kuke sha. Ni kullum a cikin magani nake. Tashi ka ba ni wuri!"

Ɗansa Nasiru, da ke aiki a Kano, ya aiko masa da takunkumi mai kyau, irin mai matata biyu a gefe. Bayan sati na leƙa in ga ko yana sawa. Wallahi na tarar da takunkumin ɗaure tam a bayan injin, a wurin da injin yake shan iska.

"Kawu, naka ne fa!"

"Ni in ƙura ta shige ni, tari nake ta fito. Shi wannan bawan Allah ya iya tari?"

Da muka matsa, sai ya ce ya ji, zai yi maganin abin da kansa. Ya samo tsohuwar fanka ya kafa ta tana hura ƙurar ta taga. Tagar kuwa cikin gida take kallo, daidai inda matarsa Inna Hajjo take shanya garin masara. Kwana uku gidan na cin tuwo mai ɗaci. A na huɗu Inna ta fito da kwano a hannu.

"Malam, ɗanɗana."

Ya gutsura, ya tauna a hankali, ya ɗaga kai sama. "Akwai ƙirya a ciki kaɗan. Amma yawancinsa maɗaci ne."

A ranar nan fankar ta koma ɗakin Inna, ba ta ƙara fitowa ba.

Daga ƙarshe Nasiru ya gaji, ya zo da kansa da injin zuƙe ƙura na gaske, mai buhu da dogon tiyo mai faɗin baki. Ya nuna masa yadda ake kafa bakin tiyon dab da inda katako ke juyawa. Kawu ya zagaya shi sau biyu, ya sa tafin hannu ya ji yadda yake ja.

"Abu ya yi kyau. Amma in ya shanye ƙamshin, da me zan san aikin da nake yi? Allah ya yi maka albarka, ajiye shi can."

Muka haƙura. A lokacin ma Inna ta fara nata tarin, hankalinmu ya koma kanta. Cikin ikon Allah nata ya lafa bayan 'yan watanni, nasa kuwa ya ci gaba har ya kwantar da shi a asibiti a Gwarzo, daga nan bai dawo ba.

Bayan sadakar bakwai na shiga zauren don in rufe. Sai na ga injin Nasiru a jone, buhunsa cike dam. An ja tiyon an ɗaure bakinsa da waya a jikin tagar nan ta cikin gida, nesa da inda Kawu yake tsayawa. Na kira Inna na nuna mata.

"Tun ranar da ya ji na yi tari ya kafa shi," in ji ta. "Ba ya tada nasa injin sai ya kunna wannan."

"To Inna, ai da ya sa a gabansa, da ku duka biyun ya tsare!"

"Na faɗa masa. Ya ce in kuka shigo kuka gani, sai ku ce kun ci shi."

Na yi dariya har na zauna a kan gungume, daga nan kuma dariyar ta ƙi tsayawa a dariya. Ashe ya sani sarai, mutumin nan.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yafe maka taurin kan nan, ya saka maka da abin da ka yi wa Inna, ya sa ka huta inda numfashi ba ya wahala. Amin.