Malam Imoru da Kwana Arba'in a Bencin Mma Mulikatu

Kullum da hantsi Malam Imoru kan ɗaure jakarsa a bayan babur ya bar Kasalgu. Abin da ke ciki mita ce, mai auna ƙarfin abin da ƙarfen sabis ke watsawa cikin iska, a gani ko ya haura iyakar da masana lafiya suka gindaya. Shekara goma sha takwas yana wannan zagaye, makon jiya ya ajiye aiki.

Malam ba ya cewa mutum, "Kwantar da hankalinka." Mitar yake danƙa masa, ya nuna masa iyakar, ya ce, "Duba da idonka." Ba ya kuma rufa wa kowa asiri. A Kukuo ya hau wani bene ya tarar mata na shanyar kuɓewa dab da fuskar eriya, awo ya haura. Nan take ya sauko da su, ya hana kamfanin sabis ɗin sakat sai da aka ɗaga eriyar sama.

Amma ku tambayi Mma Mulikatu, mai sayar da shinkafa da wake a Zogbeli. Da aka kafa ƙarfe bayan rumfarta, sai magana ta bazu wai wutarsa na sauka cikin tukunya. Kai, mutane! Har masu cin faranti biyu suka koma gaishe ta daga nesa. Tukunyar da ke ciyar da marayu uku ta dinga komawa gida a cike.

Malam ya zo ya auna, awo ko kusa da iyaka bai je ba. Mma ta riƙe mitar ta duba, ta ce, "Ni na gani, Malam. To su wa zai gaya musu?"

Ya zauna a benci, ya ce, "Mma, zuba mini. Ki sa yaji."

Washegari ya dawo, jibi ma haka. Kwana arba'in yana ci a gindin ƙarfen nan, fuskarsa na kallon titi. Masu babur suka fara dawowa, sai tela, sai unguwa duka.

A walimar ajiye aiki ne matarsa Hasanatu ta tona shi. Ta ce, "Mutumin nan fa wake ba ya shiri da cikinsa. Kwana arba'in ina jiƙa masa kanwa!" Aka bushe da dariya. Mma Mulikatu kuwa ta ja gyale ta rufe fuska, tana kuka.

Malam Imoru, mai awon gaskiya! Kai ne ka ce akwai haɗari inda yake, ka ce babu inda babu shi. Wallahi muna ƙaunarka, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku da kuka gaji mitarsa, in kun auna kada ku yi saurin hawa babur. Ku zauna a bencin tukuna.