Matsa-Kaɗan da Rijiyar Yayarsa

Ban da yayarsa, ba wanda ke kiran sa da wani suna sai Matsa-Kaɗan. Mai ɗaukar hoto ne, kuma maganar ce ba ta barin bakinsa. In ka tsaya gaban kyamararsa sai ya kanne ido ɗaya ya ce ka matsa kaɗan. Ka matsa, ya ce a ɗauke bokitin can. An ɗauke, ya ce a janye igiyar shanya, a kori akuyar nan, wannan tsohon da ke bayan ango shi ma ya ɗan koma gefe. Kafin ya danna, murmushin kowa ya bushe a fuska. Amma fa in hoton ya fito, sai ka rantse gidanku bai taɓa ganin tsumma ba.

Haka maigidansa ya koya masa tun yana saurayi, a wani ƙaramin shago mai labulen da aka zana bene da furanni a jiki. Maigidan kan ce mutane ba sa biyan kuɗi don a nuna musu talaucinsu. Matsa-Kaɗan ya riƙe wannan magana gam, ya gina sana'arsa a kanta, har ya gaji shagon da labulen. Ya yi aure da sana'ar, ya haifi 'ya'ya da ita. Sai wayar hannu ta zo ta mai da kowa mai ɗaukar hoto, kasuwarsa ta mutu a tsaye. Ya koma zaman jiran masu neman ɗan hoton katin shaida, yana kaɗe ƙura daga gilashin da ba mai leƙawa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tsayawa gaban kyamararsa ba, ita ce yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Gidanta na can bayan gari, a bakin kwari, ɗaki biyu da lambu da rijiya. Marigayi mijinta ne ya haƙa rijiyar da hannunsa, ita kuma tana jan ƙasar da guga. Daga ruwan nan ta raya lemo da gwaiba da gwanda da 'yan kunyoyin ganye, daga lambun nan ta saya wa ƙanenta kyamararsa ta farko. Duk lokacin da ya ce zai ɗauke ta hoto sai ta ce, “Bari sai na yi sabon zane, Auta.” Shekaru suka yi ta tafiya, kuɗin zanen kullum yana ƙarewa a takalmin wani jika.

Ana nan sai ga labarin kamfanin gas. Wai za a riƙa tura iskar gas cikin wasu ramuka can ƙarƙashin dutsen da ke gabas, a ajiye ta sai lokacin buƙata, kuma za a binne bututu daga dutsen zuwa babban titi. Hanya biyu aka zana. Ɗaya ta bi ta kan duwatsu, inda ba kowa sai ƙadangaru, amma haƙa a can aiki ne mai cin ƙarfe. Ɗayar ta bi ta kwari, ƙasa mai laushi. Doka ta ce kafin a sa diga sai masu binciken muhalli sun zo sun duba abin da bututun zai taɓa, ruwa ne, shuka ce, ko mazaunin mutane. Kamfanin da zai yi haƙan shi ne kuma ya ɗauko masu binciken, shi zai sallame su. Ko yaro aka faɗa wa wannan tsari ya san inda ya dosa.

Masu binciken suka zo da hulunan kwano da takalma masu nauyi. Shugabarsu wata injiniya ce mai fara'a, mai gaishe da kowa da hannu biyu. Suna neman mai ɗaukar hoto ɗan gari, aka nuna musu Matsa-Kaɗan. Ranar ya koma gida kamar an yi masa albishir da aljanna. Ya ce wa matarsa, “Kin gani ko? Masu ilimi sun san bambancin kyamara da waya.” Ta ce, “Allah ya sa alheri. Ka dai biya ka saya wa yaran nan sabulu.”

Aikin ba wuya. An kafa turaku masu jan kai a kan hanyar, shi kuma a kowane turke zai ɗauki hoton filin. Abin da injiniyar ta ce masa ke nan, ba ƙari: hoto mai kyau, wanda ƙasa ta fito sosai.

Da hantsi suka iso kwari, sai ga turke a kafe daf da rijiyar yayarsa. Ita kuwa Yaya ta fito da murna. Ta shimfiɗa wa baƙi tabarma a inuwar lemo, ta ja ruwa mai sanyi ta ba su. Injiniyar ta sha, ta ƙara, ta ce rabonta da ruwa mai daɗin wannan tun tana yarinya. Yaya ta tsinko gwaiba ta cika mata jaka.

Shi kuwa Matsa-Kaɗan da ya kai ido ga kyamara, kunya ce ta rufe shi. Ga shanya ta tsofaffin zannuwa, ga gwangwanayen da Yaya ke renon dashe a ciki, ga bokiti mai faci, ga awaki suna tuƙa. Wannan ne gidan da manyan birni za su kalla su ce na 'yar'uwarsa ne? Ya rataye kyamara ya shiga aiki. Ya kwance igiyar shanya. Ya kwashe gwangwanayen ya kai bayan ɗaki. Ya ja awakin ya ɗaure can nesa. Sai ya ga rana tana dukan gilashin kyamarar, ya zagayo ya ba ta baya, kamar yadda kowane gwani zai yi. Da ya zagayo, rijiya da lambu da ɗakunan duk suka koma bayansa. Abin da ya rage a gabansa turke ne da fili fetal har gindin dutse.

Daidai nan Yaya ta fito daga ɗaki. Ashe shiga ta yi ta sake zane, ta ɗaura ɗankwali. Ta zo ta tsaya kusa da turken tana gyara tsayuwa.

“To Auta, yau dai ga ni.”

“Haba Yaya, wannan ba hoton mutane ba ne. Aikin hukuma ne. Matsa kaɗan.”

Ta matsa.

“Ƙara dai. Inuwarki na shigowa.”

Ta ƙara matsawa har ta koma gindin lemo. Ya danna. Hoto ya fito tsaf, sararin sama shuɗi, ƙasa ja, ko tsinke babu. Ya nuna wa injiniyar, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Kai, lallai ka iya aikinka.” Tana faɗa tana cin gwaibar Yaya.

Watanni suka wuce. Aka yi shela cewa za a yi zaman jin ra'ayin jama'a a ɗakin taron makaranta. Ɗakin ya cika, fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma da ƙyar. Manya suna kan tebur da ruwan roba a gabansu. Matsa-Kaɗan ya sa rigarsa mai kyau ya zauna a gaba, don ya ji za a haska hotunansa da majigi. Yaya tana can baya cikin mata.

Aka haska hanyar duwatsu. Injiniyar ta ce a can akwai wasu tsuntsaye da ke sheƙa, bai kamata a tashe su ba. Aka haska hanyar kwari, turke bayan turke. Sai ga hoton nan ya cika bango, shuɗi da ja.

“Kamar yadda kuke gani,” in ji injiniyar, “a wannan yanki bututun bai taɓa gida ba, bai taɓa shuka ba, bai taɓa ruwan sha ba. Shi ya sa muka ba da shawarar a bi ta nan.”

Matsa-Kaɗan ya gane hotonsa. Kafin ya buɗe baki, muryar Yaya ta taso daga baya, ba ta ko jira abin magana ba.

“Baiwar Allah, ni kuma fa? Ruwan da kika sha har kika ƙara, daga sama ya zubo? Gwaibar da kika tafi da ita, a kan dutse ta tsiro?”

Ɗaki ya ɗauki guna-guni. Injiniyar ko gezau. Ta yi murmushin nan nata ta ce, “Mama, mun gode da karamcinki. Amma mu da shaida muke aiki, kuma ga shaidar a bango. Ɗan garinku ne ma ya ɗauka.”

Matsa-Kaɗan ya miƙe. “Ranki ya daɗe, rijiyar tana nan. Tana bayana lokacin da na ɗauka. Ni na kwashe kayan, ni na ce ta matsa. A gabanki aka yi!”

Wani mai ƙaton ciki daga cikin na kan tebur ya jawo abin magana. “Malam, kai ka ɗauki hoton nan?”

“Ni ne.”

“Akwai wanda ya ce ka kwashe wani abu?”

“Babu, amma...”

“Akwai wanda ya ce ka juya wa rijiya baya?”

“Rana ce ta...”

“To madalla. Mun ji ƙorafinka, za a duba. Na gaba.”

Abin da ya fi ƙona rai ke nan. Ba su ce ya yi ƙarya ba, ba su saye shi ba, ba su ma wahalar da kansu ba. Sun tsaya ne a inuwar lemo suna kallo mutum yana share 'yar'uwarsa daga doron ƙasa da hannunsa, suka bar shi ya gama, suka yaba masa. Tsuntsun kan dutse ya samu mai tsaya masa, matar da ta ba su ruwa ba ta samu ba.

A bakin ƙofa Yaya ta tare shi. Ya zaci za ta zage shi a gaban mutane, da ma ta yi hakan da ya fi masa sauƙi. Sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kunyar gidana ka ji, ko Auta? Gidan da ka ci ka girma?” Ta wuce abinta.

Washegari da sassafe ya tafi kwari. Ya ɗauki rijiya ta gabas, ya ɗauke ta ta yamma, ya ɗauki kowace bishiya, kowane gwangwani. Yaya tana ban ruwa, ba ta ko ɗaga kai ba. Ya wanke hotunan ya shiga mota zuwa ofishin masu binciken a birni. Mai gadi ya ce injiniya tana taro. Ya koma, aka ce ta yi tafiya. Ya sake komawa, wani matashi ya fito ya karɓi hotunan da yatsa biyu, ya ce an riga an rufe bincike, kuma hoton da ba a ɗauka ranar aunawa ba ba ya zama shaida, don kowa na iya haƙa rijiya bayan ya ji labarin bututu.

“Bayan na ji labari?” Matsa-Kaɗan ya daki tebur. “Rijiyar nan ta girme ka! Ta girmi uwar da ta haife ka!”

Masu gadi biyu suka raka shi har bakin titi, hotunan na zubewa daga hannunsa. Ya dawo gida ya yage labulen nan mai bene da furanni daga bangon shago, ya cusa shi a kwandon shara. Matarsa ta ce, “Labule ne ya yi maka laifi?”

Ranar da katafila ta iso kwari, jikar Yaya ce ta zo shago ta ce kakarta na kira, kuma ya taho da kyamara. Rabon Yaya da yi masa magana tun ranar taro. Ya rufe shago ya tafi da sassarfa.

Ya tarar an riga an tumɓuke gwaiba biyu, saiwoyinsu suna kallon sama. Ma'aikata sun tsaya suna jira, direban katafila ya leƙo yana taunar asuwaki. Yaya tana zaune a bakin rijiya da zanen aikinta, wanda ya koɗe ya sha faci, guga a cinyarta, ƙafafunta duk laka. Shanya tana kan igiya, awaki na yawo, rana kuma tana bayanta, tana dukan idon duk mai kallon ta.

“Ɗauki,” ta ce.

Ya ɗaga kyamara. Ya kanne ido ɗaya. Ga bokitin nan mai faci a yashe a gefe, ya ɓata komai. Ga hasken rana ya cika gilashi. Bakinsa ya buɗe da kansa, kamar yadda ya saba buɗewa tun yana saurayi.

Yaya ta gani. Ta kafe shi da ido.

“Faɗi mana, Auta. Ce in matsa.”

Ya rufe bakin. Hawaye ya hana shi ganin abin da ke cikin gilashin, haka nan ya danna.

Hoton ya fito a karkace, fuskar Yaya ta yi duhu, baƙin hancin katafila ya shigo ta gefe. A duk rayuwarsa bai taɓa ɗaukar hoto mai muni kamarsa ba. Shi kaɗai ne hoton Yaya a duniya, kuma shi kaɗai ne hoton da ita da rijiyarta suke tare. Ya kai mata shi ɗakin da take haya yanzu a cikin gari, inda take sayen ruwa a jarka. Ta karɓa ta duba, ta miƙa masa abinsa.

“Kai ka riƙe,” ta ce. “Ni ai na san ina wurin.”