Dutsen Murhuna

Waɗanda ke zauren ran nan su ne surukina mai gari, da mijina, da malamin safiyo mai awon ƙasa da hukumar En'e ta turo daga Birnin Kabi, da wani ma'aikacin Faransa baƙar fata mai gajeren wando wanda ya ƙetaro daga Dahome. A bayan zana kuwa ni ce da ƙanwar mijina, muna tuƙa musu tuwon shinkafa, kunnena yana zaure.

Shekarar da za a ba mu mulkin kai ce. Garinmu yana yamma da Bagudo, tsakanin Kwara da iyaka. Mu dai iyaka ba ta taɓa tsare mana hanya ba. Mu kai busasshen kifi da shinkafa kasuwar can, mu komo da gishiri da atamfa, rabin danginmu ma can suke aure. To, Turawa za su tafi, aka ce a duba duwatsun da suka kafa tun zamanin kakanni. Aka nemi na wajenmu aka rasa.

Mai gajeren wando ya ce tunda ba dutse, rafi ne iyaka. In rafi ne kuwa, fadamar surukina da ke hayinsa ta koma Dahome ke nan, shinkafar da ke ciyar da gidanmu sai ta bi ta hannun 'yan duwan, wato kwastan na can, kafin ta shiga rumbu.

"Ranka shi daɗe, ubana yan noma ta, kakana yan noma ta," in ji surukina. "Yaushe taz zama Bafaransa?"

"Baba, ba mu musu," in ji malamin safiyo. "Dutse muka biɗa. Na siminti ne, kusurwa huɗu, da rubutu gaba da baya."

Na dubi ƙarƙashin tukunyata. Damina biyu da suka wuce ruwa ya yi gyara, na tsinci dutsen nan kwance cikin laka can gefen fadama. Na ga ya yi daidai da tukunyar gumin shinkafa, na aza wa jaki na kawo murhuna. Zane-zanen jikinsa na ɗauka kwalliya ce. Wa ya karantar da ni?

Ƙanwar mijina ta bi idona, ta kama baki. "Yaya! Wanga ba shi na..."

"Ki ƙarasa," na ce, ina riƙe da muciya. Ba ta ƙarasa ba.

Aka kai tuwo. Mai gajeren wando ya ci malmala biyu, ya aiko a ce wa uwargida hannunta da albarka. Na ce a ce masa murhun ne mai kyau. Suka tashi a kan gobe da hantsi za a sake neman dutse, in ba a gani ba a rubuta rafi.

Da asuba na zare shi, na sa tsohon turmi ya tallafi tukunya. Na goge shi da yashi da toka, na ɗora wa jaki. Inda na tsince shi ban manta ba, amma na ga ai ruwa ne ya kawo shi nan, ban san daga ina ba. Sai na wuce fadamar duka, na haɗa da ɗan fegin kuɓewata, na haƙa rami na kafa shi, na tattake ƙasa na watsa ciyawa. Ban san wane rubutu ne namu ba, don haka gefen da ya fi baƙin hayaƙi na juya wa Dahome.